Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi Kan Masu Ƙari A Ciki A Ƙasar Yauri

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan mutanen da ke barin asibiti da labarin cewa ciwon daji ke cin su, alhali babu wanda ya ɗebi tsokar jikinsu ya duba ta a madubin likita. Ina maganar mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, masunta da manoman albasa da shinkafa, da matan da ke wanki da wanke-wanke a bakin tafkin Kainji. Babban roƙona guda ɗaya ne. Gwamnatinka ta shimfiɗa hanyar da duk wanda aka tarar da ƙari a cikinsa za a gutsuri kaɗan daga ƙarin, a kai wa masanin da zai faɗi ko mene ne, amsa ta dawo cikin mako biyu ko uku, ba tare da iyalinsa sun sayar da jirgi ko saniya ba.

Ga yadda abin ya saba kasancewa. Magidanci a wani tsibiri ko a ƙauyen bayan Wara ya fara ramewa, ciki na murɗa, bayan gida na zuwa da jini da majina. Ya sha saiwa, ya sha na kemis, watanni suna tafiya. Ranar da ya kasa jan taru sai 'yan'uwa su sa shi a kwale-kwale zuwa gari. Likita ya danna cikin ya ji abu mai tauri, a yi hoto a ga ƙari. Sai a ja babban wansa gefe a ce masa, "Abin nan ya yi kama da daji, sai dai ku je Sakkwato ko Zariya." Likitan gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da ke hannunsa. Amma a waje, ƙarƙashin bishiya, 'yan'uwa za su zauna su yi lissafi: kuɗin mota, kuɗin kwana, kuɗin gwaji, wa zai bar gona ya yi jinya. Wani dattijo ya ce wanda ya kamu da daji ko an kai shi ba dawowa zai yi ba, gara ya cika a gaban 'ya'yansa. Wata ta ce ai dama jifa ne, a koma gida a yi na Hausa. A ɗauko shi. Bayan wata huɗu ko biyar a yi jana'iza, kowa ya ce daji ne ya kashe shi, kuma babu wani mahaluki a duniya da ya tabbatar da hakan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a cikin irin waɗannan mutane akwai waɗanda ciwonsu ba daji ba ne. Kumburi ne da jiki ya tara yana faɗa da wata ƙwayar cuta, ya yi tauri, ya toshe hanji, ya ramar da mai shi, har gwanin likita ya kasa bambance shi da daji a hannu ko a hoto. Kuma maganin wasu daga cikinsu yana nan a jihar, kyauta ma ake bayarwa.

Bari in fara da wadda ta fi kusa da mu, wato tsargiya. Kowa ya san ta fitsarin jini. Wadda ba a cika sani ba ita ce ta hanji. Tsutsa ce da ke rayuwa a jijiyoyin jinin hanji, kuma ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa. Mai ɗauke da ita ya yi bayan gida a bakin ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, su hayayyafa a can, su fito dubbai suna iyo. Masunci ya shiga ruwa ya ɗaga koma, ko yarinya ta tsuguna wanke tukunya, cikin 'yan mintuna sun huda fata sun shige. Tsutsar takan yi shekaru a jiki tana zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana. Wasu ƙwayayen suna fita da bayan gida, wasu kuwa suna maƙalewa a bangon hanji ko jini ya kwashe su zuwa hanta. Jiki kan kewaye kowane ƙwai da ya maƙale da tsoka, hawa bisa hawa, kamar yadda gara ke tayar da shuri, har a wayi gari an sami dunƙule a babban hanji mai zubar da jini. Ba kowane mai tsargiya ke kaiwa nan ba, ƙalilan ne. Amma likitocin Masar, inda Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, sun daɗe da sanin wannan dunƙule, kuma a ƙasashe da dama an sha yanke wa mutane hanji da zaton daji, sai bayan an duba tsokar a tarar da ƙwayayen tsutsa jibge a ciki. Wanda aka gano nasa da wuri, farazikwantel ne maganinsa, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Wanda nasa ya riga ya toshe hanji yana buƙatar tiyata, amma zai tashi ya koma sana'arsa, ba ya buƙatar ƙarin ruwan daji ko gashi.

Idan ƙwayayen suka taru a hanta kuwa, sai ta ƙanƙance, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, wani lokaci mutum ya yi aman jini. Duk wanda ya ga irin wannan maras lafiya zai ce dajin hanta ne. A nan hoton ciki kaɗai yana iya taimakawa ƙwarai idan mai ɗaukar hoton ya san abin da yake nema. A 1996 masana sun zauna a Yamai, a bakin wannan kogin namu na Kwara, suka tsara ƙa'idar gane tabon tsargiya a hanta da mafitsara ta hanyar hoto, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ta. Ya kamata duk mai riƙe na'urar hoton ciki a ƙasar Yauri ya san wannan ƙa'ida.

Ranka ya daɗe, ba haka kawai wannan cuta ta sami gindin zama a wurinmu ba. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968. Tafkin ya miƙe sama da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Bussa da fadamu da tsibirai, aka tayar da mutane kimanin 44,000, Gungawa da Kambari da sauran al'ummun bakin kogi, aka sake masu matsuguni. Ruwan da yake gudu ya koma kwance, ciyayi suka cika gaɓa, wurin da katantanwa ta fi so ke nan. An ga irin haka a Ghana bayan tafkin Volta ya cika. An gani a Senegal, inda aka kammala madatsar Diama a 1986, ba a yi shekara uku ba tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard-Toll da ba a san shi da ita ba. Wutar da Kainji ke bayarwa ta haska birane masu nisa, mutanen bakin ruwa kuwa sun karɓi nasu rabon a hanji da hanta da mafitsara. Ina ganin wannan bashi ne a kan ƙasa, kuma gwajin tsoka na cikin mafi ƙarancin abin da za a biya su da shi.

Ta biyu ita ce tarin fuka na ciki, kuma ita ta fi ba ni tsoro saboda mata. Mutanenmu sun san tarin fuka, wato tibi, da tari da kakin jini. Ba su san tana kama hanji da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ba, har mutum ya kwanta da ita bai yi tari ko sau ɗaya ba. Tana shiga ta kakin da mai cutar huhu ya haɗiye, ko ta jini, ko ta madarar saniya mai ɗauke da cutar idan an sha ba a tafasa ba. Mace ta rame, zazzaɓin yamma, zufan dare, ciki ya cika da ruwa, haila ta ɗauke. A yi hoto a ga ƙulle-ƙulle a gefen mahaifa. Idan da hali a yi gwajin jinin nan na CA-125, a ga ya hau, sai a ce dajin gidan ƙwan mace ne kuma ya bazu. Alhali tibin ciki ma tana ɗaga wannan gwajin. Ruɗin tsoho ne. A 1862 shahararren likitan tiyata na Ingila, Spencer Wells, ya buɗe cikin wata budurwa da niyyar cire ƙari, sai ya tarar da tarin fuka ne ya bazu a cikinta. Ya rufe, ta warke, ta rayu shekaru masu yawa. Idan irin wannan gwani ya ruɗu har sai da ya gani da idonsa, me za mu ce da likita ɗaya tilo mai duba layin mutane tun safe har la'asar? Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma maganinta na wata shida kyauta ne a ƙarƙashin shirin tarayya: wata biyu ana shan magunguna huɗu, wata huɗu ana shan biyu. Uwar yara biyar da za ta warke da ƙwayoyin da ke ajiye a asibitin garinsu, a ce ta koma ɗaki ta jira ajali saboda an kira cutarta da sunan wata, wannan abu ne da bai kamata mu saba da shi ba.

Akwai wasu kuma. Amibar da ke sa atini takan dunƙule a farkon babban hanji, ta gefen dama, ta zama ƙari, Flagyl ya narkar da ita cikin makonni. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna aktinomaisis da ke cin tsoka tana ratsa gaɓoɓi tamkar daji, maganinta fenisilin ne na watanni. Akwai ma kumburin da garkuwar jiki ce da kanta ke haddasa shi. Likitocin Japan sun bayyana wani irinsa a farkon shekarun 2000, mai kama gaɓar da ke samar da insulin da magudanar maɗaciya, wanda kafin nan ake yi wa masu shi babbar tiyatar daji, alhali ƙwayar kwantar da garkuwar jiki ke sassabe shi. Waɗannan ba su da yawa. Na kawo su ne don wata matsala: maganin da ke warkar da wannan na ƙarshe, idan aka bai wa mai tarin fuka shi kaɗai, cutar za ta ƙara ruruwa. Haka kuma idan aka ɗora mai daji na gaske a kan maganin tibi bisa zato, an cinye masa watannin da ya fi buƙata. Shi ya sa ba na roƙon a ce wa ma'aikatan lafiya su riƙa gwada magani su gani. Gani ya kori ji, a duba tsokar.

Kada a fahimce ni da cewa daji babu shi ko ya yi kaɗan. Da yawa daga cikin ƙarin da za a aika, amsar za ta dawo da abin da ake tsoro. Tsargiyar fitsari ma da kanta tana jawo dajin mafitsara. Hukumar binciken daji ta duniya ta tabbatar da haka tun 1994, ga shi har gobe a wasu ƙauyukanmu ana ɗaukar fitsarin jinin yaro a matsayin alamar balaga. A jikin mata kuma tana yin gyambo a bakin mahaifa wanda ido zai iya ɗauka dajin mahaifa ne, ko a zargi baiwar Allah da ciwon sanyi a ɓata mata aure. To mai dajin ma gwajin nan gata ne a gare shi, domin babu asibitin kirki da zai fara masa magani ba tare da takardar sakamakon tsoka ba. Idan ya isa Sakkwato da ita a hannu, an rage masa makonni na zaman jira da kuɗin masauki. Jiharmu ta yi suna wajen wayar da kai game da daji, musamman ta ƙoƙarin Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid. Jama'a sun ji, sun kuma tsorata yadda ya dace. Abin da ya rage shi ne duk wanda ya amsa kira ya zo asibiti ya sami amsa tabbatacciya.

Aikin bai kai girman yadda ake zato ba. Ba gina sabon asibiti nake nema ba, ba kuma cewa nake a ajiye masanin karanta tsoka a kowace ƙaramar hukuma ba. Irinsu kaɗan ne a ƙasar baki ɗaya, suna manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na Ahmadu Bello da ke Shika. Amma tsoka ba ta buƙatar maras lafiya ya bi ta. Idan aka jefa ta cikin kwalbar ruwan fomalin, tana iya yin kwanaki a hanya ba ta lalace ba. Daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi ta Koko da Jega kimanin kilomita 200 ne, motoci na bi kullum. Abin da ake buƙata shi ne kwalabe da fomalin da ba sa yankewa, da rajista mai lambar wayar iyalin maras lafiya, da rana ɗaya tsayayya a mako da mota ke ɗauka, da yarjejeniya a rubuce da asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko na Sakkwato kan kwanakin da sakamako zai ɗauka. Sakamakon kuwa ta waya zai dawo. Sai kuma umarni daga ma'aikatar lafiya cewa duk abin da aka yanko daga jikin ɗan Adam a ɗakin tiyatar gwamnati, ko ɗan ƙaramin hanjin nan ne da ake cirewa kullum, ba a zubar da shi, ba a miƙa wa dangi a leda su binne, sai an aika. Sau da yawa a irin wannan tsokar ake tsintar ƙwan tsargiya ko tibi ba a zata ba.

Akwai wani ɗan abu da ya kamata a koya wa ma'aikatan ɗakin tiyata, domin shi kan raba nasara da asara. Fomalin yana kashe ƙwayar tarin fuka ya kuma dagula gwajinta. Don haka idan ana zargin tibi, a raba tsokar biyu: rabi a fomalin don madubi, rabi a ruwan gishiri na asibiti don na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, kuma tana ba da amsa cikin kimanin awa biyu. Ruwan ciki kaɗai ba ya wadatarwa, sau da yawa na'urar ba ta ganin komai a cikinsa alhali cutar na nan. Gwajin bayan gida da na fitsari don neman ƙwan tsutsa kuwa, madubi da ma'aikaci mai haƙuri kawai yake so, ya kamata ya zama farillar duk wanda ya zo daga bakin ruwa da ciwon ciki mai daɗewa.

Wanda ba a kai ga yi masa tiyata ba, ana iya ɗibar tsokarsa da allura ana kallon hoto, ko ta bututun hangen hanji. Idan jihar ta ɗauki nauyin ƙwararren likita ya riƙa zuwa Yauri kwana biyu a kowane wata da kayan aikinsa, a tara masa marasa lafiya daga Ngaski da Shanga, tafiyar mutum ɗaya ta maye gurbin tafiyar iyalai masu yawa. Kuɗin gwajin kuma a sa shi cikin abin da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, ke biya wa masu ƙaramin ƙarfi, domin a nan ne talaka ke juyawa. Na tabbata kuma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, wadda Kebbi ke cikinta, idan gwamna ya kira ta kan cutar da tafkin ya yaɗa, ba ta da hujjar noƙewa.

Allah ya taimaki Kaura, kai malami ne, ka shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, ka san wanda ke cikin aji da wanda ba ya ciki. Shekaru da dama rabon maganin tsargiya ta makarantu yake bi, malamai su auna tsawon yaro da sanda su ba shi ƙwayoyinsa. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka wa masu yin sa. Amma ɗan masuncin da ke cikin jirgi tun asuba ba ya layin, almajiri ba ya layin, uban da ya yi shekara talatin yana shiga ruwa har ƙirji ba ya layin, kuma shi ne wanda ƙwai suka fi taruwa a hanjinsa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta: inda cutar ta kama mutum 10 cikin 100 ko fiye, a bai wa kowa magani duk shekara tun daga ɗan shekara biyu, har da manya, har da masu juna biyu da suka wuce wata uku na farko. Ina roƙon a aiwatar da wannan a gaɓar Kainji, a kai maganin mashigar jirage da kasuwannin kifi da tsibirai, a lokacin da masunta ke gida. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da hakimansa da sarakunan ruwa su ne za su buɗe wannan ƙofa. Abin da sarkin ruwa ya haɗiya a gaban jama'arsa, babu masuncin da zai ƙi shi. Taron Rigata ma, da ke tara mutanen ruwa wuri guda, dama ce.

Sai maganar baki, wadda ba ta cin ko kwabo. A umarci ma'aikatan lafiya su daina furta sunan daji ga maras lafiya ko danginsa kafin sakamako ya fito. Su ce, "Mun ga ƙari. Yana iya zama abu uku ko huɗu, wasu ana warkewa sarai. Za mu ɗebi kaɗan mu aika, ku dawo ranar kaza." Iyalin da suka ji haka za su dawo. Idan ba su dawo ba, ga lambar waya a rajista, ga ma'aikacin lafiya na ƙauyensu, a bi su. Sakamakon da ya kwana a aljihun tebur bai amfani kowa ba.

Ina roƙon a fara da babban asibitin Yauri a wannan shekarar, asibitocin Ngaski da Shanga su riƙa kawo nasu can. Bayan wata goma sha biyu, Kwamishinan Lafiya ya fito ya gaya wa jama'a tsoka nawa aka aika, kwana nawa amsa ke ɗauka, nawa suka zama daji, nawa tarin fuka, nawa tsargiya, kuma mutum nawa aka samu aka ɗora a kan magani. Da waɗannan alƙaluma gwamnati za ta san abin da za ta kai Argungu da Bagudo da Zuru.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasar Yauri,
Yelwa.